Tubalin Mani Mai Shayi

To Naja'atu, tunda rubutawa za ki yi, fara da sunansa. Mani. Mani mai shayi aka fi saninsa da shi, amma asalinsa ɗan gidan magina ne, kuma wanda bai san wannan ba ba zai gane kan labarinsa ba.

Ubansa shi ne maginin Gidan Marke, wata 'yar unguwa yamma da Wagini, wadda yau in mutum ya je ba abin da zai tarar sai kangaye da marken da ta ci sunansa. Tun Mani bai fi tsawon turmi ba aka zaunar da shi bakin kududdufi yana curin tubali. Tubalin da, ba bulon siminti ba. A kwaɓa ƙasa, a tattake ta, a yanko curi, a mulmula shi gindi da faɗi kai da tsini, a danna babban yatsa a gefe wajen ajiyewa, a jera a rana. Yaron da ya shekara goma sha biyar yana wannan, ai hannunsa ya haddace. Da zamani ya juya mutane suka koma wa bulo da rufin kwano, sai Mani ya kafa tebur a bakin hanyar Wagini, ya sayi buta da kofuna, ya zama mai shayi. Shi ya sake sana'a, hannun ne bai ji labari ba. Duk abin da ya kama sai ya fito da tsini. Lomar tuwonsa tsini, in ya taya curin fura tsini. Matarsa Hussaina takan ce ko ƙwai aka ba shi ajiya sai ya ƙara masa kai.

Abu ɗaya ya riƙe na gidan ubansa. In aka yi rasuwa, bayan an sa mamaci an jera itace, ai sai an kwaɓa ƙasa an toshe kafofin kafin a tura busasshiya. To wannan kwaɓin na Mani ne. Ba wanda ya naɗa shi. Ana tashi da makara za ka hango shi a baya da bokitin ruwa. Yana curawa yana miƙawa, kowane curi da ɗan tsininsa.

Abin da ya sa yara suka san shi kuwa, ɓarna ce ta kawo shi. Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina, ana saura kwana biyu Sallah, ruwa ya bi ta rufin rumfarsa ya sauka cikin gwangwanin garin cakulan, wannan garin mai kalar ƙasa da ake zuba wa shayi. Gari ya dunƙule ya yi jagab. Ba ya sayuwa, zubarwa kuma hannu ya ƙi. Ya kai gida ya dire gaban Hussaina, ta leƙa ta ce in laka yake so a dafa masa ga ta nan fal a ƙofar gida, ba sai ya sha wahalar ɗaukowa daga Wagini ba. Ya zuba madarar gari, ya sa ta daka masa soyayyiyar gyaɗa, ya narka man shanu ya kwarara, ya shiga murzawa kamar mai kwaɓin gini. Da abin ya haɗe jikinsa ya dinga yankowa yana mulmulawa. Suka fito ƙanana, ba su kai ƙwan zabo ba, kowane da tsininsa da gurbin yatsa. Ya birgima su cikin busasshen garin don kada su kama hannu, ya jera a faifai, ya tura ƙarƙashin randa inda yashi ke da sanyi. Kafin gari ya waye sun yi ƙarfi.

Yaran da suka shigo barka da Sallah da farko sun ƙi karɓa, wai Baba Mani zai ci da su ƙasa. Sai da wata 'yar mai kwaɗayi ta rufe ido ta gatsa. Nan take ta miƙo ɗaya hannun. Kafin azahar abin ya yi suna har Wagini, tubalin Mani.

Daga nan ya zama al'ada, sau ɗaya a shekara, ranar jajiberin ƙaramar Sallah. Bai taɓa sa shi a tebur ba, na yaran unguwa ne. Man shanun kuwa daga hannu ɗaya yake karɓa, hannun Bara'atu, wata Bafillatana da rugarsu ke bayan rafi. Duk shekara sai sun yi tsiyarsu. Ita ta ce Bahaushe ya rasa abin da zai yi da man da ta sha wuyar kaɗawa sai ya zuba cikin laka. Shi ya ce to Inna, tunda laka ce bana ba sai an ƙulla miki na jikoki ba. Ta ce a dai ƙulla, za ta kai wa kaji.

Akwai ka'ida guda a aikin. Mu a wurinmu ba a ƙirga yara, tsofaffi sun ce ƙirga kan jawo ragi. Tun shekarar farko wata tsohuwa ta ja masa kunne, ya ce mata shi ba ƙirga yake ba, kira yake. Haka kuwa yake yi. Zai zauna da kwaɓin a gabansa, ya fara daga gidan gabas, ya kira sunan yaro ya cura, ya kira na biye ya cura, gida gida har ya ƙure unguwa. Jaririn da aka haifa jiya ma yana da nasa, uwarsa ta ci masa. In ka tambaye shi nawa ya yi sai ya ce bai sani ba, ya yi daidai mutane.

Shi da Hussaina ɗiya ɗaya Allah ya bar musu, Ramlat, bayan uku da suka koma tun suna goyo. Kullum ita ce ta ƙarshe a kira, don gidansu ne ƙarshen unguwa ta yamma. Da yake da azumi a bakinsa yake aikin, ita ce mai ɗanɗano, ita ke yanke hukuncin sukari ya ji ko bai ji ba. Ta koyi curin a gefensa, sai dai bahaguwa ce. In ka riƙe tubalin Mani gurbin yatsa na kallonka, tsinin dama yake karkata. Nata hagu. Hussaina ta yi ta bugun hannun don ta sake, Mani ya ce a bar ta, gini ba ya tambayar wane hannu ya ɗora shi.

Shekarar da abin ya faru tana da shekara tara. Sallah ta riga ta zagayo cikin bazara, zafi kamar a soya gyaɗa a ƙasa. Sun gama curi wajen azahar. Ramlat a lokacin an fara koya musu lissafi a makaranta, ba abin da take bari bai sha ƙirga ba, kaji, azarar ɗaki, haƙoran bakinta. Ta durƙusa kan faifan tana nunawa da yatsa, ta ɗago ta ce arba'in da uku. Hussaina daga madafa ta daka mata tsawa. Mani dariya ya yi. Wannan dariyar ta zauna masa a wuya har ya bar duniya.

Da ya leƙa ƙarƙashin randa ya tarar yashin ya bushe ƙamas, tubalan sun fara laushi. Ya ba ta tasa ya ce ta ruga rafi ta tono masa mai danshi, ai mata na can suna wankin Sallah. Ta fita tana kaɗa tasar kamar ganga. Ba ta yi rabin sa'a da fita ba aka fara jin babura daga yamma, da yawa, ba irin na 'yan kasuwa ba.

Ba sai an faɗi abin da aka yi ba, kowa a ƙasar nan ya san yadda mutanen daji ke yi in sun shigo. Kafin la'asar sun juya. Mutum goma sha ɗaya aka kwantar a ƙofar masallaci, huɗu yara. A rafi aka tarar da kayan wanki a warwatse da tasa cike da yashi. Mata huɗu suka tafi da su, da Ramlat ta biyar.

Ranar Sallah a fili ɗaya aka yi Idi aka yi jana'iza, ko sahu ba a sake ba. Mani ya ɗauki bokitinsa ya bi bayan makara kamar kullum. Kabari goma sha ɗaya ya yi wa kwaɓi. Ƙasar maƙabartarmu in ta sha ruwa duhu take yi, ja mai baƙi-baƙi. Yana cikin curi sai ya ji ƙamshi. Ya ɗaga hannu ya sansana, ashe cakulan ɗin jiya ne bai fita daga ƙarƙashin farcensa ba. Ya dubi abin da ke tafinsa, kala ɗaya, laushi ɗaya, tsini ɗaya. Waɗanda ke kusa sun ce a kan ƙananan kaburburan sun ji leɓensa na motsi, sun zaci addu'a yake. Sunaye yake kira.

Da aka dawo Hussaina ta fito da faifan don kada ya lalace. Yaran da suka rage aka ba kowa nasa. Biyar suka saura. Liman, Malam Nurain, ya ce a bayar sadaka, ladan ya kai wa masu su. Mani ya miƙa ɗaya, ya miƙa na biyu, na uku, na huɗu. A kan na biyar hannunsa ya tsaya.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba sadaka ba ne. Mai shi aika na yi mata."

Ya sa shi cikin ɗan gwangwanin madara ya toshe bakin da tsumma.

Ba a yi wata biyu ba Gidan Marke ta watse. Wasu suka yi Katsina, wasu Safana, mafi yawa muka gangaro Batsari. Mani ya samu ɗaki a bayan kasuwa, ya kafa teburinsa kusa da tasha. Matan nan huɗu, cikin shekara aka samu aka karɓo su ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta dawo sai ya je. Uku suka ce tun kwana na uku aka raba su da yarinyar. Ta huɗun, Zuwairatu, ta dawo ba ta magana sam, danginta suka tafi da ita garin Babban Duhu.

Sallah ta zagayo. Yaran unguwarmu da ke Batsari suka zo suka tsaya a bakin teburin suna Baba Mani ina tubali. Ya ce gari ya yi tsada. Wata shekara ya ce man shanun yanzu duk haɗi ne. Bara'atu na zaune a gefe da ƙwaryarta, don su ma an kore musu shanu sun dawo bakin gari, ta ce wa ya gaya masa, nata ko a gaban alƙali. Bai biye mata ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Ba tsada ba ce. Hussaina ta sani, shi ma ya san ta sani. In ya zauna curi dole ya kira suna, in ya kira dole ya ƙure unguwa ya iso gidan ƙarshe. Ya tsallake Ramlat, ya binne ta da hannunsa ke nan. Ya kira ta kuma, tsoro yake kada ya zama kira irin na maƙabarta yake yi bai sani ba. Sai ya zaɓi kada ya zauna. Ko garin cakulan ɗin, in mai saye ya ce a sa masa, kau da kai yake ya zuba. Amma in aka yi rasuwa a cikinmu bai taɓa fashi ba, yana baya da bokitinsa. Hannun ya yarda da matattu, masu rai ya ƙi.

Ita Hussaina nata ciwon daban. Ta ce wanda ke da rai nemansa ake, wanda ya mutu addu'a ake masa, ita ɗiyarta ba ta samu ko ɗaya ba. Ba uku, ba bakwai, ba arba'in, ba wanda ya taɓa zuwa ya zauna a tabarmarta ya ce Allah ya jiƙanta, ba kuma wanda ke cewa Allah ya dawo da ita sai a bisa leɓe. Ta je wurin Malam Nurain, ya ce in zuciya ta kasa ɗauka ba laifi a yi sadaka a yi addu'a, Allah ya san inda zai kai. Mani ya ce ba a ɗakinsa ba. Shekara ta uku, azumi na da kwana ashirin da uku, ta same shi yana wanke kofuna ta gaya masa ranar ashirin da bakwai za ta toya waina ta raba da sunan Ramlat, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Ta ce, "Malam, ka bar ni in yi kuka irin na mutane."

Bai ce mata a'a ba. Ya roƙi kwana uku. Washegari ya rufe tebur ya hau babur sai Babban Duhu, wurin Zuwairatu, don an ce bakinta ya fara buɗewa.

Ya same ta a zaure tana ɓarar gyaɗa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida, jiki, azumi, zaman baƙunta. Bai san ta inda zai fara ba. Ita ta dubi hannunsa ta ce ashe har yanzu yana curi. Ya ce ya bari. Sannan ta ce wata bakwai suka yi wuri ɗaya da Ramlat, a gindin wani dutse, su ke ɗebo ruwa. Kullum in sun je ƙorama yarinyar sai ta tono laka ta zauna ta cura ƙanana ta jera a kan falalen dutse. Tana yi tana kiran suna, daga gidan gabas har yamma. Har da yaran nan huɗu, don ba ta san an rasa su ba, ita kuwa Zuwairatu ba ta iya gaya mata ba. In ta ƙure yara sai ta ƙara biyu, ta ce na Baba da na Inna, tunda su ba mai yi musu. Ranar da aka taho da Zuwairatu ta baro ta da rai, tana tari amma da ƙafarta. Bayan nan ba ta sani ba.

Da Mani ya dawo Hussaina na tsince shinkafar waina. Ya zauna a bakin ƙofa ya ba ta labarin yadda aka ba shi, bai ƙara ba bai rage ba. Ta ce ai wannan zancen ya shekara biyu. Ya ce haka ne.

Ya ce, "Amma ita tana can tana kiranmu, Hussaina. Mu kuma a nan muna shirin cire ta."

Ba ta ce ta fasa ba. Shinkafar dai tuwo aka yi da ita.

Ranar jajibere ya sayo gari da madara, Bara'atu ta kawo mai ba a aika mata ba. Ya wanke hannu har sau uku ya zauna. Hussaina ta ce ya daɗe yana kallon kwaɓin kamar mai kallon rami. Sannan ya fara daga gidan gabas, gidan da yanzu ko bango babu. Wanda ke Katsina ya kira shi, wanda ke Safana ya kira shi, aka aika musu ta hannun direbobi. Yaran nan huɗu da aka rasa ya tsallake su, a kan kowane sai ya ɗan dakata ya ce Allah ya sa masu ceto ne. Da ya iso gidan ƙarshe murya ta ƙi fita. Hussaina ce daga bayansa ta ce Ramlat, shi kuma ya cura.

Nata ya ƙara masa gyaɗa don ya jure hanya, ya naɗe a ganye ya sa cikin ɗan ƙoƙo, ya miƙa wa Bara'atu. Ba ƙaramin abu ya roƙa ba. A lokacin Bafillatanin da aka gani da ƙunshi ya nufi yamma, ba a tambayarsa me ke ciki. Ta ce shi dai Bahaushe bai iya neman alfarma ba sai wadda za ta ci wuya. Ta ce ita ƙafarta ba ta shiga daji kuma ba ta san kowa a can ba, amma mata na haɗuwa a rijiya, na rijiya na haɗuwa da na wata rijiyar, ƙoƙo yakan je inda mai shi bai taɓa zuwa ba. Ba ta yi alkawari ba. Ta tura shi ƙasan ƙwaryarta ta rufe da faifai.

Shekara ta juyo ba labari, shi kuma bai tambaya ba ko sau ɗaya. Sai jajiberin da ya biyo, ta zo da man shanu da hantsi, ta ajiye, ta ƙi zama. Ta ciro ƙoƙon nan, shi ne, har da tsaguwar bakinsa. Ta ce hannu shida ya bi kafin ya zo nata, ta shidan ba ta san ta farkon ba, kada ya tambaye ta komai. A ciki akwai tubali ɗaya na laka, busasshe, bai kai ƙwan zabo ba.

Mani ya juya shi har gurbin yatsan ya kalle shi. Tsinin ya karkata hagu. Ya gwada ɗan yatsansa a gurbin, ya fi na yarinya 'yar tara faɗi.

Mutane sun yi magana. Wasu suka ce Bara'atu ce ta cura don tausayi. Wasu suka ce ko na yarinyar ne, wa ya san shekarar da aka yi shi, laka ba ta faɗin kwananta. Malam Nurain ya juya shi a hannu ya ce Allahu a'alamu. Akwai wanda ya ce wa Mani a gabana launin ƙasar bai yi masa kama da ta ƙorama ba, ta fi kama da wadda yake kwaɓawa da bokiti. Mani ya ce ƙasa duk ɗaya ce, hannu ne daban. Ya sa shi cikin gwangwanin nan tare da na farkon, wanda ya riga ya bushe ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. A shekarar ma ya cura nata ya aika. Wannan ƙoƙon bai dawo ba.

Bayan kaka ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Kwana tara ya yi. Da ya ga alamar tafiya ce ya sa aka miƙo masa gwangwanin. Hussaina ta tambaye shi ko yana so a marmasa na lakan cikin ƙasar kabarinsa, ya tafi da abin hannun ɗiyarsa. Ya girgiza kai da ƙarfin da ba a zaci yana da shi ba.

Ya ce, "Kada ki kai shi can. Ba na can ba ne."

Ya ce kuma in jajibere ta zo ta zauna ta kira, ko da mutum goma suka rage, kuma kada ta tsaya sai ta kai gidan ƙarshe. Ta ce ita ba ta iya tsini ba. Ya ce yara ba tsinin suke ci ba.

Ranar da aka kai shi sai da aka jera itace sannan aka dubi juna, ba wanda ya zo da bokiti. Shekara talatin ba wanda ya taɓa tunanin ruwan daga ina yake fitowa. Aka ruga aka samo, aka kwaɓa, muka cura yadda muka iya, duk suka fito mulmul kamar fura.

Sallar da ta wuce Hussaina ta cika wasiyyarsa. Bara'atu ta kawo mai, ta zauna tana tsiyar cewa matar magini ko kwaɓi ba ta iya ba. Hussaina ta fara daga gabas tana kira tana curawa, nata zagaye kamar dakuwa, har ta kai yamma ta ce Ramlat ta ajiye. Ta tura faifan ƙarƙashin randa. Da safe da ta jawo, duk suna nan zagaye yadda ta bar su, sai na ƙarshen. Shi yana da tsini.

Ta ce wataƙila gefen randar ne ya matse shi, wataƙila kuma hannunta ne ya tuna abin da ido ya shekara yana gani. Matan gidan suka taru a kansa, wannan ta ce dama ya karkata, waccan ta ce hagu. Aka juya shi aka sake juyawa ana neman gurbin yatsa don a san ta inda za a duba, ba a samu ba. Wata ta ce a bayar sadaka a huta. Hussaina ta naɗe shi a ganye, ta ɗauko sabon ƙoƙo, ta ce a kira mata Bara'atu.